Masu Mayar da Kala

Gidan Kanya, ta Ajingi
Ranar kasuwa, tsakiyar kaka

Zuwa ga taubashina Malam Iliya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Rifkatu da yara. Yaya kunnen? Tun da ya hana ka jin waya ka mayar da ni magatakarda, ga ni zaune da aron biro kamar 'yar firamare. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar maigidan da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Kabo mai babur ne zai kawo maka wannan.

An gama cire gyaɗarka, kuma ta yi kyau, masha Allah. Amma ba albishir ne ya sa na rubuto ba. 'Yan ƙwadagon da ka turo, da suka gama tsiga, maimakon su kama gabansu sai suka koma suna bin kunya ɗaya bayan ɗaya da fartanya da rariya, suna tankaɗe ƙasa. Daga nan suka sari ƙaya suka kewaye gonar kaf. Na ce lafiya? Suka ce umarninka ne, wai bana ba kala.

Iliya, mantawa ka yi, ko boko ne ya goge maka? Tun kakana Musulmi da kakarka da ta bi mishan suna noma gefe da gefe, in an cire gyaɗa, abin da ya tsinke ya saura a ƙasa na tsofaffi ne da marasa gona. Ba su roƙa, ba a miƙa musu, shiga suke yi su tona abinsu.

Jiya Ya Kellu ta zo. Ka san ta, tsohuwar nan Babarbariya, matar marigayi Ari, wadda ba ta da kowa a duniya sai akuya guda. Ta zo da ƙwaryarta da 'yar fartanyarta kamar kowace shekara. Idonta ya yi rauni, sai da ƙaya ta soke ta sannan ta tsaya. Ta daɗe tana lalube, can ta juyo ta ce, "Kulu, ɓatan hanya na yi, ko an ɗauke gonar ne?" 

Ka rubuto ka ce ƙarya suka yi maka.

Taka,
Kulu

Gaya
Ranar Lahadi, bayan sujada

Kulu sarkin tsiwa,

Na gaishe ki, na gai da Malam Zulkiflu da gwiwarsa. Rifkatu ta gode da daddawa. Kunne yana nan yadda kika san shi, a aji sai na kalli bakin ɗalibi kafin in gane tambayarsa.

Ba ƙarya suka yi mini ba, ni na sa su. Kuma ba aljani ne ya hau kaina ba, tunani ne. Shekara da shekaru ina koya wa yara ilimin tattalin arziki, ina gaya musu duniya tana tafiya ne don kowa yana neman amfanin kansa, sannan ni in bar gumina a ƙasa kowace kaka, taki kuwa yana wannan tsada? Haba.

Na san za ki ce ina addinin, to bari in riga ki. Ni ban ga inda suka yi karo ba. An umarce mu da ƙaunar maƙwabci, gaskiya ne, amma ma'aunin da aka ba mu shi ne yadda mutum yake son kansa. Wanda bai iya son kansa ba, da me zai auna? Kuma ki faɗi tsakani da Allah, sadakar da kike yi ranar Juma'a ba lada kike nema ba? Mu da muke baiko a coci ba albarka muke jira ba? Duk ciniki ne, Kulu, sai dai wani a nan ake biyansa, wani sai an je can. Ni ɓoyewar ce kawai na daina. In buhuna ya cika, zakkata a coci ta ƙaru, yarana su yi karatu, 'yan ƙwadago su samu aiki. Wa aka cuta?

Shi kuwa kala ɓarna ce aka sa mata rigar al'ada. Mai bayarwa bai san abin da ya bayar ba, mai ɗauka ko na gode babu. In zan yi alheri, in yi shi idona a buɗe. Ki auna wa Ya Kellu tiya biyu daga buhuna, ki ce in ji Iliya.

Duk wadda ta tambaye ki dalili, ki karanta mata wannan: abin da ke cikin gonata, na sama da na ƙasa, nawa ne, wanda ya ɗauka ba da yawuna ba ya ci haƙƙina, ko jiya ko yau.

Naki,
Iliya

Gidan Kanya
Ranar Laraba

Iliya,

Na gaishe ku. Muna lafiya a jiki.

Ka ce mai ɗauka ko na gode babu. Ai shi ne daɗin abin, malamin makaranta! Innarka Saratu da gangan take fizgar gyaɗa da gaggawa don ta tsinke a ƙasa, in an yi mata magana ta ce hannunta ne ba ƙarfi. Ita ma Kirista ce, ko nata littafin daban ne da naka?

Na karanta wa matan da ke zuwa kala takardarka kamar yadda ka ce. Haushi ne ya sa ni, ina so su ji abin da ɗan garinsu ya zama, kuma yanzu da-na-sani nake yi. Matan suka yi ta tsaki suna watsewa. Ya Kellu ce kaɗai ba ta motsa ba. Ta ce, "Kulu, maimaita mini ƙarshen." Na maimaita. Ta ce, "Ko jiya, ya ce?" Na ce haka ya rubuta. Sai ta zauna a ƙasa, a nan bakin shinge. Ta ce tun shekarar da Ari ya rasu take ci daga gonar nan, ba ta taɓa sanin haƙƙin mutum take zubawa a cikinta ba. Na ce Ya Kellu, surutun 'yan boko ne, rabu da shi. Ta ce, "Mai gona ya yi magana. Ni da nake bakin kabari, in je da wannan a wuyana?" Tiya biyun nan ko kallonsu ba ta yi ba, ta ce in mayar maka, ta riga ta ci naka da yawa.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Shekaranjiya da rana tsaka, lokacin da ko kaza ba ta yawo, na leƙa ta katanga na hango mutum a tsugune a tsakiyar gonarka. Ita ce. Ta ratsa ƙayar, zaninta duk ya yage. Na ɗauka yunwa ce ta sa ta kasa haƙura, har na ji daɗi. Da na matsa sai na ga ba tonowa take yi ba. Rami take yi da fartanya, ta ɗauki gyaɗa ɗaya daga ƙwaryarta ta saka, ta rufe, ta daddanna da tafin hannu, ta matsa gaba. Da safe tana bin gonakin mutane tana kala, da rana ta kawo maka ta binne. Na ce in ma mayarwa za ki yi, kawo in zuba a buhunsa. Ta ce a ƙasa ta ɗauka, a ƙasa za ta ajiye.

Na yi mata sallama sau nawa kafin ta ɗago, kuma da ta ɗago ba ni take kallo ba. 

Ka san mu, Iliya, ka tashi a cikinmu. Mun yarda Allah yana yafe laifin da ke tsakaninsa da bawa, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Ka hau babur ka zo ka ce mata ka yafe. Daga Gaya zuwa nan ba Makka ba ce.

Kulu

Gaya
Ranar Asabar

Kulu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi wa Malam Zulkiflu sannu.

Kai, mutanen Gidan Kanya! Ni bana nake nufi da shekaru masu zuwa, wancan "jiya" ƙarfafa magana ce kawai irin ta rubutu. Wa ya ce ta biya? Zuwa kuwa ba zai yiwu yanzu ba, muna tsakiyar jarrabawa, takardun yara sun kai mini wuya.

Amma ga shi a rubuce, ki karanta mata: ni Iliya na yafe wa Ya Kellu duk abin da ta ɗauka a gonata. Kin ga wannan ma ya ƙara tabbatar da maganata. Yafewar nan ba asara na yi ba, riba ce. Ban rasa komai ba, hankalina ya kwanta, sunana ya gyaru a gari, kuma an koya mana mai yafewa shi ake yafe wa. Addini da son kai sun sake haɗuwa a hanya sun gaisa. Na faɗa wa Fastonmu haka, kallona kawai ya yi ya tambayi lafiyar iyali. Na ɗauka ya rasa hujja ne.

Wani abu kuma, kada ki yi mini dariya. Kwanakin nan, da rana ta take, sai in riƙa jin wani ƙaras, ƙaras, kamar ana kankare busasshiyar ƙasa da ƙarfe. Ni da ba na jin ƙararrawar makaranta sai an taɓa ni! A aji na ji shi, na tambayi yara wa ke wasa da tebur, suka kalli juna. Rifkatu ta ce ciwon kunnen ne yake sauya salo. Haka ne ma, zan je asibiti bayan jarrabawa.

Naki,
Iliya

Gidan Kanya
Ranar kasuwa

Iliya,

Lafiya dai muke. Takardarka ta yi kwana da kwanaki a aljihun Kabo, baburinsa ya lalace a Kademi, sai jiya ya tuna da ita. Ni kuma ina nan ina zaginka a zuci, na ɗauka shiru ka yi mana.

Na same ta a gonar na karanta mata. Da na tsaya a kan "na yafe" da watakila an huta, amma ta ce in ci gaba, ta ji takardar ba ta ƙare ba. Ban iya yi wa tsohuwa ƙarya ba, na karanta har wurin ribar. Ta saurara tsaf. Sannan ta ce, "Yaron nan ya faɗi gaskiya, Allah ya yi masa albarka. Ya yafe ne don yafewar ta yi masa amfani yau. To ranar da riƙewa ta fi masa amfani fa? A can, ranar da kowa yake neman abin da zai ƙara a ma'auninsa, in ya waiwayo ya gan ni, me zai hana shi ya ce ya fasa?" Ta ɗauki fartanyarta ta ci gaba.

Ka ba ni amsar da zan kai mata, kai mai hujja. Ni na rasa. Liman ma ya zo ya yi mata nasiha, ya ce kala halal ne tunda al'adar gari ce kuma masu gonar na da sun yarda. Ta ce ta ji, ta gode, amma masu gonar na da sun mutu, na yanzu kuwa ya yi magana.

Kala ya ƙare a gonakin mutane, don haka ta sayar da akuyarta a kasuwar Ajingi ta sayo gyaɗa. Gyaɗa, Iliya, ba hatsi ba! In na kai mata tuwo sai ta ci loma biyu don kunyata. Ta rame har wuyan rigarta yana zamewa. Ta gama rabin gonar, layi-layi, kuma duk inda ta wuce ƙasar a shafe take sumul kamar daɓen ɗaki. Awakin gari da suke fasa shingen kowa ba sa shiga nan. Ban ce komai ba, abin da na gani na faɗa.

Maganar ƙarar da kake ji, ban yi dariya ba. Lokacin da ka ambata, lokacin take aiki.

Ka zo, don girman Allah. Ka zo ka tsuguna a gabanta ka faɗa da bakinka, kuma ka bar lissafin a Gaya.

Kulu

Gidan Kanya
Ranar Juma'a

Iliya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya Kellu ta rasu ranar Talata. Kabo ya ce ka ce masa sai an yi hutun Kirsimeti za ka zo. To ba sauri kuma.

Ni na same ta, bayan azahar. Daga nesa na ɗauka aiki take yi, don a tsugune take, goshinta a kan gwiwa, hannunta na dama a cikin rami har wuyan hannu. Da muka ɗaga ta, gyaɗa ɗaya ce a damƙe a tafinta, da ƙyar masu wanka suka buɗe yatsun. Ƙwaryarta kuwa da sauran gyaɗa a ciki. An yi mata sutura, mutane sun taru fiye da yadda na zata.

Na so in ce maka abin ya ƙare, amma bai ƙare ba. Washegarin jana'izar na leƙa ta katanga da rana, sai na ga mutum biyu a tsugune a inda ta tsaya. Iya Hauwa'u ce da Hanne makauniya. Jiya sun ƙaru. Duk matan da suka yi tsaki ranar da na karanta takardarka ne. Sun ga yadda ta tafi, kowace ta koma ɗaki ta yi tunanin nata wuyan. Ba sa hira, ba sa waƙa irin ta masu kala, ba ka jin komai sai fartanya.

Kulu

Gaya
Bayan dawowata

Kulu,

Na iso gida lafiya. Ki yafe mini da na taho ban yi miki sallama ba, ban iya haɗa ido da ke ba ne.

Kin ga lokacin da na janye ƙayar da hannuna, amma ba ki ji abin da ya faru a cikin gonar ba. Na shiga tsakiyarsu na tsuguna, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Sun amsa, na ga bakinsu ya motsa. Na ce na yafe, na jiya da na yau da na gobe, gonar a buɗe take, kowa ya tona abin da ya ga dama. Na faɗa da ƙarfi har muryata ta dushe. Iya Hauwa'u ta matso daf da kunnena don in ji, ta ce, "Mun gode, ɗan Saratu. Amma tsoro ne ya kawo ka. In tsoron ya wuce fa?" Ta dafa kafaɗata kamar ni ne abin tausayi, ta koma kan raminta.

Kulu, gaskiya ta faɗa. Na zo ne don ƙarar nan ta bar kunnena. Na je kabarin Ya Kellu na tsaya, na buɗe baki zan ce na yafe, sai na tambayi kaina don wa zan faɗa, na ga don ni ne. Na yi niyyar kai buhunan gidajensu, na duba, don in samu barci ne. Na durƙusa a coci in roƙi gafara, nan ma kaina nake nema wa mafita. Duk ƙofar da na buɗe sai in tarar da Iliya zaune yana jira. Na shekara ina cewa kowane alheri ciniki ne, yanzu ina neman guda ɗaya tak wanda ba ciniki ba in miƙa wa matan nan, na rasa. Ubangijin da nake bi ya ba da ransa ne saboda mutanen da ba su da abin biyansa. Na san wannan tun ina yaro, ban san yadda aka yi na mayar da shi ɗan kasuwa ba.

Ƙarar ba ta tsaya da rasuwarta ba. A da fartanya ɗaya ce, yanzu suna da yawa.

Na yanke shawara. Na bar miki gonar, ke da Malam Zulkiflu, kyauta, har abada. In ba tawa ba ce, ba wanda zai mayar mini da komai. Ki karɓa, ina roƙonki, ki ce musu mai gona ya sauya.

Ɗan'uwanki,
Iliya

Gidan Kanya
Ranar Litinin

Yaya Iliya,

Na gaishe ka, na gai da Rifkatu da yara. Na ji tausayinka, wallahi na ji, har kuka na yi a kan takardarka.

Amma ba za mu karɓi gonar ba. Maigidan ya ce ko da kuɗi aka haɗa masa ba ya so, kuma ba na jin akwai mai so a garin nan. Na gwada faɗa wa matan duk da haka. Suka ce ko ta sauya hannu, abin da suka ci a hannun gidanku suka ci shi, kai ne magaji. Hanne ta sayar da tabarmarta da bokitinta. Na hana, na yi faɗa, na kira mai unguwa, sun ba shi girmansa sun tashi, yana juya baya suka dawo.

Kana neman yadda mutum zai ba da abu ba son kansa a ciki. Ban sani ba, ni ba malama ba ce. Watakila sai ka yi ta zuwa, ranar da kake jin tsoro da ranar da ba ka ji, shekara da shekaru, har su gaji da zarginka. Watakila kuma ba za su gaji ba.

Saura magana ɗaya, gara ka ji daga gare ni. Shekarar da babanmu ya kwanta ciwo, ina budurwa, ba mu yi noma ba. Da kalan gonarku muka ci miya har wata damina. Ban taɓa tuna abin ba sai kwanakin nan, yanzu kuwa da shi nake kwana da shi nake tashi. Na san abin da liman ya ce, na san ka ce ka yafe, kuma ni na yarda da kai fiye da yadda suka yarda. Duk da haka jiya na auno gyaɗa a kasuwa.

In ka zo ranar Asabar ka gan ni a tsugune a cikinsu, don Allah kada ka yi mini magana. Ka wuce gida, abincinka yana rufe a ɗaki.

Kulu